Steyr ta Bauchi da abin da farashi ba ya faɗa

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida da haɗin gwiwar kamfanonin Turai. Kaduna ta sami Peugeot, Legas ta sami Volkswagen, Bauchi kuwa ta sami Steyr ta ƙasar Ostiriya, mai harhaɗa tarakta da manyan motoci. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan harhaɗawa da ake shigowa da su suka yi tsada, daga baya kuma, a mulkin farar hula na Obasanjo, hukumar BPE ta sayar da hannun jarin gwamnati. Yau manomin Bauchi mai neman tarakta yakan jira wadda aka shigo da ita daga ƙetare.

Masu aƙidar sakar wa kasuwa mara suna da amsa a shirye: masana'antar ba ta riba, don haka mutuwarta adalci ne. Akwai gaskiya a ciki, domin kamfanonin gwamnati sun sha zama saniyar tatsa, kuma ba na neman a dawo da wannan. Sai dai lissafin riba da asara na shekara guda bai san makaniken da ya shafe shekara ashirin yana koyon injin dizal ba, bai san yaran da za su koya a hannunsa ba, balle mai walda da mai sayar da abinci da ke cin arzikin ƙofar masana'antar. Irin wannan sani a hankali yake taruwa, idan ya watse kuma babu farashin da zai kira shi ya dawo. Koriya ta Kudu ta fahimci haka, ta yi wa Hyundai katanga har ta yi ƙafa, sannan ta tura ta gogayya da duniya.

Mu ba baƙin kasuwa ba ne. Fatake sun ratsa ƙasar Hausa da goro da gishiri tun kafin a haifi Adam Smith, wanda shi kansa ya rubuta littafi kan ɗabi'a a 1759, shekara 17 kafin na dukiyar al'ummai. Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina, amma ya hana ɓoye kaya da algus. Wato ciniki a sake yake, cikin shingen da ba shi ya kafa ba. Har gobe wanda ya shiga Wunti ko Muda Lawal zai ga amana da bashi da shugabannin 'yan kasuwa ne ke riƙe da hada-hadar, kuma babu ɗayansu da ake saye da kuɗi.

Ku da ke rubuta takardun shawara a Abuja, nan ne damuwata take. Mai ra'ayin mazan jiya na gaskiya yakan yi tsoron gyaran da ake yi da alƙalami a dare ɗaya, ko na gurguzu ne ko na jari-hujja. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ayyana ƙarshen tallafin man fetur, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Tallafin ya ruɓe da sata, wannan ba abin musu ba ne. Amma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zama doka ba sai Yuli 2024, kuma ɗan acaɓan Bauchi da mai tuyar ƙosai ba sa cikin waɗanda dokar ta shafa.