Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Jarida, Musamman na Gidajen Rediyo

Abokan aiki,

Na san kun tuna 2018, lokacin da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp da Facebook wai Buhari ya rasu, an ɗauko wani Jibril daga Sudan an ɗora a kujerarsa. Maganar ta yi ƙarfi har sai da shugaban ƙasa ya fito da bakinsa, a Poland, a watan Disamba, ya ce shi ɗin ne. Tun daga nan ya kamata mu haƙura da tsere da waya. Mai waya ba ya jiran edita, ba ya kuma tsoron kotu.

Ɗan siyasar yau ba ya buƙatar ku don ya kai saƙonsa. Yana da yaransa da yake saya wa data, yana da sojojin baka. Abin da yake nema a wurinku shi ne a ce "a rediyo na ji." Da ya sayi fili ya shiga yana rantsuwa shi kaɗai ne na talaka, duk mai sukarsa maƙiyin jama'a ne, ku kuma kuka zauna shiru kuna duban agogo, to kun ara masa mutuncin da kuka yi shekaru kuna tarawa.

Kada a fahimce ni a baibai. Siyasar talakawa ba laifi ba ce. Ita Malam Aminu Kano ya yi a NEPU, amma ya faɗi abin da yake so a gyara: haraji, zaluncin hakimai, ilimin mata. Wanda ke kuka da sunan talaka yau, ku tambaye shi nawa ya ware wa asibiti a kasafin kuɗi, nawa aka saki. In ya kauce, ku maimaita tambayar. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora muku wannan nauyi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ku damar neman takardu, sai dai kaɗan ne cikinmu ke amfani da ita.

Na san albashi ba ya isa, wani wurin ma ba a biya, ga ambulan na jira bayan taron manema labarai. Duk da haka, ina roƙon ku, kafin ku karanta labarin da kuka tsinta a waya, ku buga wa wanda ake zargi ku ji ta bakinsa.

Wassalam.