Kwalliyar doki ba a ranar hawa take farawa ba

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Abin alfahari ne, sai dai ya zo da nauyi. Mai kallon Hawan Daushe idonsa kan tsaya ne a kan jalala da sirdi da rawani, ba ya ganin mikin da ke ƙarƙashinsu. Mutum kan kashe maƙudan kuɗi a kayan ado, amma ya ga ƙyashin abin da zai sayi harawa da shi. Alhali kuwa darajar hawa a barga ake gina ta, a ranakun da babu kalangu babu algaita.

Farkon kulawa ita ce ciyarwa. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai. Saboda haka abin da ya dace da shi shi ne ciyawa da harawa kaɗan-kaɗan tsawon yini, hatsi da dusa kuwa ƙari ne kawai. Masu cika wa doki gero ana saura mako guda Sallah don ya yi ƙiba cutar da shi suke yi, domin sauya abinci farat ɗaya kan jawo murɗar ciki, ya kuma kumbura naman cikin kofato har dabba ta kasa tsayuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwa ma haka: doki kan sha lita 25 zuwa 40 a rana, ya zarce haka a zafin bazara. Da yake yana zubar da gishiri mai yawa a gumi, hikimar magabata ta ba shi kanwa tana da tushe, muddin ba a wuce kima ba.

Sai gyaran jiki. Buroshi da tsumma da bokiti sun wadatar. Amfanin goge doki kullum ya wuce ƙyalli: hannun da ke bin jikinsa shi ke fara gano kaska a gindin wutsiya, ko kumburi a ƙafa, ko wurin da majayi ya fara ci. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da gumi a ƙarƙashin sirdi, ita ke gurje baya, don haka a goge kafin a ɗaura sirdi, a kuma wanke gumin bayan an dawo kilisa. Kofato a ƙwaƙule shi kowace rana, a yanke shi duk bayan mako 6 zuwa 8. Da damina a riƙa share turke a zuba yashi busasshe, domin tsayuwa cikin fitsari da kashi na ruɓar da ƙarƙashin kofato.

Amma dabarar gida tana da iyaka. Ƙaramin rauni ana wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce, an sa masa ɗan gishiri. Shafa baƙin mai a miki ko ƙona shi da ƙarfe ba magani ba ne, ƙarin ciwo ne. Ƙusa ta soki kofato, ko doki ya ƙi cin abinci yana birgima yana waiwayen cikinsa, wannan aikin likitan dabbobi ne nan take. Doki na cikin dabbobin da cutar tetanus mai sandarar da jiki ta fi saurin kamawa, kuma allurar rigakafinta ba ta kai kuɗin dokin da za a rasa ba.

Masarautu na da ikon gyara wannan. Shamaki, wanda bisa al'ada shi ke kula da bargar sarki, zai iya haɗa kai da likitocin dabbobi a duba kowane doki kafin hawa, a mayar da mai miki ko ɗingishi gida. Ranar da aka fara hana ramammen doki shiga jerin gwano, mai shi zai gane cewa harawa ta riga jalala.