Gonar Da Ba Ta Hutu

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko kuwa ta Bichi, ya san irin zaman da a ke yi a wannan ƙasa. Gona tana manne da gona, gida na hangen gida, ba dajin da mutum zai shiga ya yi sabon sara. Ƙasar ba ta samun hutu, kowace damina sai an shuka mata gero da dawa da gyaɗa. Abin da ya riƙe ta tun zamanin kakanni shi ne taki, wanda a kan kwaso daga turke, da wanda a da jakuna su kan ɗauko daga birni in sun sauke itacen wuta. Manomin da ya yi shekara biyu bai kai taki ba, rumbunsa ne zai ba shi labari.

To, mu a ganinmu haka zaman ikilisiya ya ke a waɗannan ƙauyuka. Masu bi kaɗan ne, da yawansu jikokin Maguzawa ne, a tsakiyar 'yan'uwansu Musulmi su ke zaune, rijiyarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Wanda ka saɓa da shi ranar Asabar shi za ka tarar a gefenka ran Lahadi, ran Litinin kuma shi ne maƙwabcinka na gona. Jama'a irin wannan tana bukatar takinta kowace shekara. Takin nan kuwa abu biyu ne, watau a bar mai shakka ya yi tambaya, a kuma bar wa mai laifi ƙofar komowa.

Bari mu tuna yadda abin ya faro. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka juya ba su sami wurin zama ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM aikin jiyyar kutare na lardin Kano, aikin da ya zauna a Yadakunya, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido a Kano. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan ta SIM su ne suka zama ECWA a 1954. Ku duba fa, da yawa cikin masu bi na fari mutane ne waɗanda cuta ta raba su da danginsu, suka sami inda aka karɓe su aka wanke musu gyambo. Jama'ar da aka kafa a kan karɓar wanda aka ƙi, ai abin kunya ne a ji ta ƙware wajen kora.

Sai mu ɗauki zancen shakka. Akwai dattawan da su ke ganin in yaro ya yi tambaya mai wuya, to, ya fara ridda ke nan, sai a tsawata masa. Hujjarsu ita ce shakka kamar ƙyanda ta ke, in ta kama ɗaya sai ta bi gida. Mun ji tsoronsu, amma Littafin bai goyi bayansu ba. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Almasihu sai ya gani da idonsa, duk da haka almajirai ba su kore shi ba, bayan mako guda yana nan tare da su sa'ad da aka ba shi amsarsa. Yahaya Mai Baftisma kansa, yana cikin kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne wanda a ke jira, aka amsa masa, aka kuma yabe shi a gaban taro. Yaron ƙauye da ya ga an yi addu'ar ruwa amma shuka ta ƙone, ko ya ji abokansa na makaranta suna yi masa tambaya a kan Allah Uku Cikin Ɗaya, lalle zai zo gida da magana a bakinsa. In an rufe masa baki tambayar ba ta mutu ba, wani wuri zai kai ta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya kan ɓata shi ne wanda ya yi shiru, yana zuwa sujada da ƙafa, zuciyarsa kuwa ta daɗe da tafiya.

Zancen gafara ya fi wannan nauyi. Abin da ya kan raba masu bi a ƙauye ba safai ya kan zama koyarwa ba. Iyakar gona ce da aka ci da garma, ko akuya da ta shiga wake, ko rabon gandu bayan rasuwar maigida, ko kuɗin baiko da ba a faɗi inda suka shiga ba. Almasihu ya shimfiɗa hanya a Matta sura 18: ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban ikilisiya. Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshe mu kan faro, sai duk kasuwa ta ji kafin mai laifin ya ji. Haka kuma horo. In an dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji, nufin shi ne ya tuba ya komo, don haka wajibi ne dattawa su riƙa zuwa gidansa, su kuma sanar da jama'a ranar da aka karɓe shi, kamar yadda suka sanar ranar da aka dakatar da shi.

Wani zai ce, ashe ke nan a bar azzalumi ya yi ta cin iyaka? A'a. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, alkawari ya yi zai mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu. Wanda ya ci iyaka sai ya mai da kunyar inda ta ke, wanda ya ci kuɗin jama'a sai ya biya, abin da kuma ya kai na hukuma a kai shi gaban hukuma. Abin da gafara ta hana shi ne ramuwa, da ajiye gaba a bar wa 'ya'ya gado.

Mun sani akwai raunin da ya fi na iyakar gona zurfi. An zubar da jini a Kano a watan Oktoba na 1991, an kuma kashe masu sujada a Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilu, 2012. Ba mai cewa yafe irin wannan abu ne mai sauƙi. Amma a Kaduna, Fasto James Wuye da ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa da aka kashe masa malami da 'yan'uwa, sun sadu a 1995, suka bar gaba, suka shiga aikin sasanta mutane tare. Abin da ya yiwu gare su bai gagari mutanen da su ke haɗuwa wajen gayya da suna da jana'iza ba.

Mu da za mu fita mu riƙe alli, nauyin nan a wuyanmu ya ke, domin a ƙauye malami ne a kan fara kawo wa tambaya, shi ne kuma a kan kira wajen sulhu. In yaro ya tambaye mu abin da ya fi ƙarfinmu, mu ce masa ya zo mu bincika tare. In an kawo mana ƙarar wani, mu fara tambaya ko an je an same shi shi kaɗai. Allah ya ba mu haƙurin yin haka, amin.