Birkin Inji Da Barcin Jama'a

Garuruwa da yawa a Amurka sun kafa alluna a bakin hanya, suna hana manyan motoci amfani da birkin inji, wai ƙararsa tana hana jama'a barci. Kukan jama'a gaskiya ne, amma an saki reshe an kama ganye. Tun 1961 wannan birki, ƙirar Clessie Cummins, yake agaza wa direba a gangara, inda birkin ƙafa kan yi zafi ya ƙi ci. Akasarin ƙarar kuwa daga motocin da aka cire wa salansa take fitowa. Jihar Oregon irin waɗannan kaɗai ta hana, har ma ta ɗauke wa direban da ke ƙoƙarin kauce wa haɗari laifi. Kamata ya yi ƙananan hukumomi su bi sahunta, su sauke allunan.