Mai rage ƙiba ya sake abin da ke cikin kwanonshi



A kasuwanninmu, daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ba wuya ka ji wani ya ce likita ya umurce shi ya rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari. Sai mutum ya dawo gida da zafin niyya, ya daina karin kumallo, ya yi kwana uku yana daurewa. Rana ta huɗu yunwa ta kada shi, ya ci ninkin abin da ya saba, ya ce abin ba ya yiwuwa. Ni a ganina, dabarar ce ta ɓaci tun farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda zai wuni yana ciniki yana ɗaga kaya ba zai iya da ciki wayam ba.

Abinci iri biyu ne. Akwai mai wucewa da sauri, kamar burodi, fanke, shayi mai madarar gwangwani da lemon kwalba. Ka ci da safe, kafin hantsi ciki ya soma kira. Akwai kuma mai riƙe ciki, kamar wake, ƙwai, kifi, nono da ganye, domin jiki yana daɗewa kafin ya narkar da su. To, mai son ya rage ci ba tare da wahala ba, sai ya ƙara na biyun, ya rage na farkon. Kopto ko dafaffen wake da safe. Da rana a raba kwano biyu, rabi kabeji, salati, yalo ko zogale, sauran rabin tuwo ko shinkafa da ɗan nama. Hura ma ba a hana ta ba, sukarin da muke zuba mata ne matsalar.

Mu yi lissafi, tunda shi ne sana'armu. A shekarar 2015 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Gwangwani guda na Coca-Cola yana ɗauke da giram 35. Mai kuma, kowane giram nashi ya fi ninki biyu na giram ɗin hatsi wajen sa ƙiba. Ke nan in kika bar lemo kika rage man miya, kin yi rabin aikin ba ki taɓa tuwonki ba.

In yunwa ta taso tsakanin abinci, a sha ruwa, a ɗan dakata. Duk mai yin azumi ya san tana tasowa ne ta lafa. In ba ta lafa ba, a ci goyaba, ko gujiya cikin tafi guda. A aje su kusa, domin mai tallar soye-soye ba ta fashin zagayowa rumfa. A kuma samu barci isasshe, rashinshi yana ƙara kwaɗayi.

Na san abin da za a ce. A ƙasar da ba ta manta yunwar 2005 ba, ƙiba alamar rufin asiri ce. Hajiya ta ɗan faɗa, sai maƙwabta su soma tambaya ko jari ne ya karye. Hajiya, bar su su faɗa. Ranar da ƙafa ta kumbura aka rufe rumfa, ba su za su biya kuɗin magani ba. Kuma ba a ce ki ƙanjame ba. Mai kilo 90 da ta rage 5 ko 6 ta riga ta taimaki jininta. Rabin kilo a mako ya isa.

Sai dai a kiyaye. Mai shan maganin sukari ko mai yin allurar insulin kada ya tsallake abinci sai da shawarar likita. In ya ji jiri, rawar jiki da zufa, sukarinshi ne ya faɗi, ya sha abu mai zaƙi nan take. Mai ciki, mai shayarwa da yara ƙanana kuwa, wannan magana ba tasu ba ce.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.