Gyara Kayanka: Haƙoran Tsohon Keke

Keken nan mai kaurin taya da faifai uku masu haƙora wajen feda, wanda ake ce ma VTT, ba don yashin karkara aka ƙera shi ba. A Kaliforniya ta ƙasar Amurka aka fara shi, don hanyar duwatsu, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya soma fitar da shi da yawa. Waɗanda ke isowa kasuwannin Maradi da Damagaram na hannu ne, wasu sun haura shekara 30. Ƙarfen jikinsu bai gaji ba. Haƙoran ne suka gaji.

Mai keke ya ɗora buhun hatsi, ya danna feda a hawa, sai sarƙa ta yi tsalle, ƙafa ta tafi banza. Wani har ƙasa, shi da kayan. Sai ya ce ma mai gyara ya sa sabuwar sarƙa. Kuɗi sun tafi, tsallen bai daina ba, don sabuwar sarƙa ba ta zama bisa haƙoran da tsohuwa ta cinye.

To, a duba faifan tukuna. Haƙorin da ya ƙare yana yin tsini, ya karkata gefe guda kamar bakin lauje. Na tsakiya ya fi saurin ƙarewa, don shi aka fi aiki da shi. Amma a lura: wasu haƙora da gangan aka gajarta su, don sarƙa ta hau da sauƙi. In ƴan kaɗan ne gajeru, sauran lafiya, kada a bari mai sayarwa ya ruɗi mutum.

Sarƙa ita ma a auna ta. A sabuwa, gaɓa 24 santimetir 30 da rabi ne. In ta ƙaru da milimetir 3, ta riga ta ɓata faifan gaba da haƙoran baya. Tare za a canza su.

Wurin saye nan ake asara. Faifan ba iri ɗaya ba ne. A tsofaffi masu ƙusa 5, tsakanin rami da na kusa da shi wajen milimetir 65 ne, a wasu kuma 55. Na baya-bayan nan ƙusa 4 gare su. Ido ba ya raba su a kasuwa. A kwance tsohon, a tafi da shi, a aza bisa sabon, a ga ramu sun dace. Na baƙin ƙarfe ya fi na sanholo nauyi, amma ya fi shi jure ma yashi, kuma mai ɗaukar buhu ba tsere yake ba. In faifan a manne suke, babu ƙusar kwancewa, sai a canza su duka har da hannun feda.

Wajen ɗaurawa, ɗan ƙarfen da ya fito a jikin babban faifai a bayan hannun feda yake zama, don kada sarƙa ta maƙale can. A matse ƙusoshi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gaba da shi, kada faifan ya karkace.

Saura maganar mai. Baƙin man mota da ake malala ma sarƙa yana kama ƙurar hunturu, su zama kamar dutsin washi. A wanke sarƙar da kananzir, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a share saura da tsumma.