Kafin Ki Koya Masa Harvest, Ya San Girbi?

Kaka ta kama, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran sanyi ya ƙarasa busar da ita. A irin wannan lokaci ne yara ke dawowa daga makaranta da aikin gida cike da kalmomin Turanci na noma, uwa ta karɓi littafi ta juya shi, ta mayar tana cewa a jira babansu. To uwargida, daina mayarwa. Abin da kalmomin nan ke faɗa kin fi malamin saninsa, domin da hannunki kika yi shi.

Ɗauki harvest, wadda ake fassara wa yara da girbi. A tsohon Ingilishi ana ce mata hærfest, kuma sunan lokaci ce, wato watannin da ke tsakanin zafi da sanyi a Ingila. Har gobe Jamusawa Herbst suke kiran wannan lokacin. Daga baya Turawan Ingila suka ari autumn daga Faransanci, sai harvest ta tsuke ta koma sunan aikin kawai. Ke nan asalinta kaka take nufi. Tamu kakar kuwa faɗaɗa ta yi, har ga shi muna cewa kakar wasanni da kakar zaɓe, inda ba a yanke ko zangarniya ɗaya ba. 'Yan siyasa dai suna girbi, wannan ba musu.

Thresh ita ce sussuka ko casa, tushenta tattakawa da duka, kuma daga jikinta thrash ta fito, wato lakaɗa wa mutum duka. Mu ma ai mukan ce an casa wane. Winnow daga wind take, iska ke nan, kuma duk wadda ta taɓa ɗaga ƙwarya sama tana shiƙa ta san ranar da iska ta ɗauke ba a aiki. Barn kalmomi biyu ne aka haɗa, bere da ærn, ma'ana ɗakin sha'ir. Rumbunsu ke nan. Glean kuwa daga Faransanci ta shigo, ita ce kala.

Amma fa a wannan fage Hausa ta fi su rarrabewa. Gero da dawa ake girba, wake rorar sa ake yi, gyaɗa a tone ta, shinkafa a yanke ta da lauje sannan a casa, kamar yadda ake yi a fadamun Gummi da ke bakin gulbin Zamfara. In an ɗaure zangarniya ta zama dami. In an sussuke aka shiƙe, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta rage. A surfa ta, dusa ta fita, a bakace a faifai. Ko abin da aka bari a gona ma da sunansa: kara, karmami, harawa. Kowace kalma aiki ce daban, da kayanta da mai yin ta, kuma rabin ayyukan nan na mata ne. Ki lura da wani abu da zai burge yaronki: a sa ma- a gaban girbi a samu magirbi, abin da ake girbin da shi, a sa ta a gaban sussuka a samu masussuka, wurin da ake yin ta. Yaron da ya gane wannan ya kama bakin zaren makaranta da masallaci da mabuɗi a lokaci guda. A yankin Sakkwato da Zamfara kuma in an ce hatsi, sau da yawa gero ake nufi kai tsaye, saɓanin Kano inda kalmar ta haɗa har da dawa.

Akwai waɗanda addini ya kawo mana daga Larabci. Zakka ita ce babbarsu, da ushiri, wato ɗaya bisa goma. Amfanin da ruwan sama ya raina, in ya kai nisabi, a fitar da ɗaya cikin 10. Wanda aka wahala wajen ban ruwa, ɗaya cikin 20. Shi ya sa manomi kan ƙirga dami tara ya ware na goma tun a gona. Kala ma wani rabo ne na marar ƙarfi, mai gona ba ya korar tsohuwar da ta bi bayan magirba tana tsinta.

Haraji ma Balarabiya ce, daga kharaj, kuɗin da hukuma ke karɓa a kan ƙasar noma. Abin takaici, a ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum da Gummi wannan kalma ta canza hannu. 'Yan bindiga ne ke ɗora ta, a biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi, wani lokaci a tilasta wa mutanen gari su girbe musu gonakin da suka ƙwace. Iyalai da yawa sun baro gonakinsu sun dawo cikin garin Anka gudun hijira. Yaron da aka haifa a can ya san haraji, ya san mudu da tiya a kasuwa, amma bai taɓa cin tumu a bakin gona ba, bai ga an taru gayya ba. In aka ce masa rumbu sai ya tsaya yana kallonki.

Don haka in ya kawo miki winnow, kada ki tsaya a fassara. Ɗebo gero kaɗan a ƙwarya, ki fita tsakar gida, ki bari ya shiƙa da kansa, ko da zai zubar da rabi kaji su samu.

Ku kuma 'yan uwa na Gummi da Bukkuyum, yaya kuke kiran waɗannan ayyuka a garuruwanku? Akwai sunan da kakarki ke faɗa wanda ba ki ƙara jin sa a bakin kowa ba? Ki rubuto mana shi a ƙasa, tare da sunan garin.